Diyyar Barewar Kiwo a Amurka: Me Gwamnati Take Saye da Kuɗinta?

A watan Agusta na shekarar 2014, jami'an lafiyar dabbobi suka shiga wata gona a gundumar Cerro Gordo ta jihar Iowa a Amurka, suka kashe bareyi 356 da ake kiwo a cikin shinge. Da aka kammala gwaji sai aka tarar 284 daga cikinsu suna ɗauke da cutar ramar barewa, wadda aka fi sani da CWD. Kusan kashi 80 cikin 100 ke nan. Ma'aikatar Aikin Gona ta tarayya ta biya masu gonar diyyar dala 917,100, wato kimanin dala 2,576 a kan kowace dabba. Mafarauta suka ce an ba wanda ya jawo bala'i lada. Makiyayan barewa kuwa suka ce kuɗin bai kai abin da aka zuba ba. A cikin wannan hayaniya mutane kaɗan ne suka tsaya a kan abin da ya fi tayar da hankali: tun shekarar 2012 aka killace garken. Shekara biyu dabbobin suka yi a tsare wuri guda suna shafa wa juna cuta, ana ta ja-in-ja a kan wanda zai ɗauki asarar.

Kafin a fahimci rigimar diyya, sai an fahimci halin cutar, domin halinta ne ya sa kashe garke ɗungurungum ya zama abin da ake yi. Ba bakteriya ke kawo ta ba, ba kuma bairos ba. Wani furotin ne na jikin dabbar kanta, wanda ake kira firayon, yake lanƙwashewa ta karkatacciyar hanya, sannan ya riƙa karkatar da 'yan'uwansa har ƙwaƙwalwa ta cika da ƙananan ramuka. Danginta ɗaya da cutar haukan shanu. An fara lura da ita a 1967 a wata cibiyar bincike da ke Fort Collins a jihar Colorado, sai a 1978 likitar dabbobi Elizabeth Williams ta gano ainihin rukunin da take ciki. Yau tana jihohi sama da 30 daga cikin 50 na Amurka, tana Kanada, ta isa Koriya ta Kudu ta hanyar dabbobin da aka sayo daga Kanada, kuma a 2016 ta ɓulla a Norway. Ba ta da magani, ba ta da allurar rigakafi, kuma duk dabbar da ta kamu mutuwa ce ƙarshenta. Ba a tabbatar ta taɓa kama mutum ba, amma hukumomin lafiya suna ba da shawarar kada a ci naman dabbar da aka samu da ita.

Sharrinta yana cikin jinkirinta. Barewa takan yi shekara ɗaya da rabi zuwa biyu da cutar a jiki, tana cin abinci, tana haihuwa, gashinta sumul, alhali tana zubar da firayon a yawu da fitsari da kashi. Sai daf da ƙarshe alamu suke fitowa: ta rame har a ƙirga haƙarƙarinta, kunnuwa su saki, kai ya sunkuya, yawu ya riƙa dalala, ta yi ta shan ruwa, ta daina gudun mutum. Gwajin da hukuma ta fi dogara da shi kuwa sai bayan mutuwa ake yin sa. Ana yanke kan, a ciro wani ɗan yanki na gindin ƙwaƙwalwa da kaluluwar bayan maƙogwaro, a kai ɗakin gwaji. Akwai gwajin mai rai, inda ake gutsuro tsoka daga dubura ko maƙogwaro, amma yakan tsallake dabbar da ba ta daɗe da kamuwa ba. Saboda haka idan an samu guda ɗaya a garke, ba wanda zai iya rantsewa a kan sauran. Shi ya sa ake kashe masu lafiya tare da marasa lafiya, kuma nan ne tushen haƙƙin diyya. Mutum ba ya neman a biya shi kan dabbar da ajalinta ya riga ya zo. Yana nema ne kan wadda aka harbe da ƙoshin lafiyarta don a kare dabbobin wasu.

Su wane ne waɗannan makiyaya? Ƙidayar gonaki ta 2017 ta nuna bareyi sama da 200,000 ake kiwo a Amurka, kuma Texas da Pennsylvania suna sahun gaba. Wasu don nama suke yi, wasu don ƙaho ɗanye da ake haɗa magani da shi a gabashin Asiya, wasu har fitsarin mata suke durawa a kwalba su sayar wa mafarauta don jawo maza. Amma babban kuɗin yana wajen ƙaho. Ana auna ƙahon namiji da inci, a haɗa tsawon rassa da kaurinsu da faɗin tsakaninsu. Namijin daji da ya kai maki 170 yakan shiga kundin tarihi na ƙungiyar Boone and Crockett. A gona kuwa, da zaɓen iri da barbara ta hanyar allura da abinci na musamman, ana fitar da masu inci 300 har 400. Irin waɗannan ake kai wa gandun farauta mai shinge, attajiri ya biya dubban daloli ya harba. Namijin da ya yi suna ba a ma harbinsa; maniyyinsa ake daskarewa a sayar, kuma kuɗinsa shi kansa yakan kai dubun-dubatar daloli. Sana'a ce da ta ginu a kan zirga-zirga: a sayi mace a wannan jiha, a kai 'ya'yanta waccan. Cutar da a ƙafar barewa za ta yi shekaru kafin ta ƙetare gunduma, a bayan mota kwana ɗaya ya ishe ta ƙetare jihohi uku.

Ƙa'idar diyya ta tarayya ta fito a watan Fabrairu na 2002, watan da aka gano cutar a cikin bareyin daji na Wisconsin. Ta ce za a biya kashi 95 cikin 100 na darajar da aka ƙiyasta wa dabba, amma kada ya wuce dala 3,000 a kan kowace ɗaya. Lissafin a fili yake: dabbar da darajarta ta haura kimanin dala 3,158, ko ta dala dubu biyar ce ko ta dubu hamsin, kuɗinsu ɗaya. Akwai sharaɗi: mai garken zai sa hannu a yarjejeniyar da ta tilasta masa tsabtace wurin, ya kula da shinge, kuma kada ya sake zuba barewa a filin, yawanci har shekara biyar. Akwai kuma wani sharaɗin da ba a cika kula da shi ba sai ranar buƙata: biyan ya rataya ne ga samuwar kuɗi. Majalisa ce ke warewa shekara-shekara, kuma a farkon shekarun 2010 an zaftare kasafin shirin ƙwarai. Garken Iowa a wannan tsakanin ya faɗa.

Mai karatu zai iya zaton tsarin mulkin Amurka ne ya wajabta biyan, tunda gyara na biyar ya hana gwamnati karɓe dukiyar mutum don amfanin jama'a ba tare da diyya ba. Kotuna ba su tafi a kan haka ba. A shari'ar Miller da Schoene ta 1928, Kotun Ƙoli ta amince wa jihar Virginia ta sa a sare wasu itatuwa da ke yaɗa cuta zuwa gonakin tufa ba tare da ta biya darajarsu ba, domin kawar da abin da ke cutar da jama'a daban yake da ƙwace dukiya. To, idan ba dole ba ne, me ya sa ake biya? Amsar tsohuwa ce. Tun dokar da Birtaniya ta yi a 1866 lokacin annobar bushiya, da kuma yaƙin da Amurka ta yi da ciwon huhun shanu daga 1884 zuwa 1892, gwamnatoci sun gane cewa mai dabba shi ne farkon wanda ke ganin alamar cuta, kuma yana da hanyoyi biyu: ya kira likita, ko ya yi shiru ya sayar. A ganina, duk wani tsarin diyya a nan ya kamata a auna shi. Gwamnati ba nama take saye ba, ba ta da abin yi da gawa 356 sai ƙonawa ko binnewa. Labari take saye da wuri, da kuma amincewar mai garke a kashe ba tare da an kai ruwa rana ba.

Mu a nan Najeriya mun ga yadda abin yake idan farashin labarin ya yi ƙasa. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gona da ke Jaji a jihar Kaduna, karo na farko a Afirka. Gwamnati ta sanar da diyyar naira 250 kan kowace kaza, alhali kaza mai ƙwai ta ninka haka a kasuwa. Masu kaji da yawa suka yi abin da hankali ya nuna musu, suka kwashe zuwa kasuwa kafin jami'ai su iso, sai daga baya aka gyara farashin da tallafin Bankin Duniya. Makiyayin barewa na Texas da mai kaji na Kano, lissafi ɗaya suke yi da dare.

Sai dai yawan kuɗin ba shi ne komai ba, kuma tarihin haukan shanu a Birtaniya ya nuna haka. A watan Agusta na 1988 aka wajabta kashe duk saniyar da ta nuna alama, ana biyan rabin darajarta. Sai a Fabrairun 1990 aka mayar da shi cikakke. An daɗe ana cewa rabin farashin ya sa manoma sun ɓoye. Amma kwamitin binciken da Lord Phillips ya jagoranta, wanda ya miƙa rahotonsa a 2000, bai gamsu cewa an yi ɓoyon da yawa ba. Dalilin da nake gani shi ne, manomin Birtaniya saniya ɗaya zai rasa, wadda da ma mutuwa za ta yi, kuma rabin kuɗin nan tabbas zai zo. Makiyayin barewa kuwa, ranar da sakamako ɗaya ya fito, an rufe ƙofar gonarsa: ba saye, ba sayarwa, ga abinci yana ci gaba da saye wa dabbobin da ba su da sauran kasuwa. Garken da ya yi shekara goma sha yana zaɓen irinsa zai tafi. Filin zai zauna shekara biyar. Kuma ba shi da tabbacin ko akwai kuɗi a asusun bana. Wanda ke fuskantar wannan, idan ya tarar da mushe a kusurwar shinge a rana mai zafi, jarabar da ke gabansa babba ce: ya bar shi kwana biyu ya ruɓe, ya rubuta cewa samfurin bai gwadu ba. Shirin tantance garke na tarayya, wanda ya fara aiki a 2012, ya wajabta gwada duk dabbar da ta mutu tana da wata 12 ko fiye, kuma sai an yi shekara biyar ba a samu komai ba ake ba da takardar shaida. Amma shirin kacokan ya dogara ne da gaskiyar wanda zai fi kowa asara idan ya faɗe ta. An ma sha samun cutar a garkunan da ke riƙe da takardar.

Wajen jinkirin kashewa, Iowa ba ita kaɗai ba ce. A wata gona da ke gundumar Portage ta Wisconsin, an gano cutar a 2002, aka shiga shari'a, ba a kashe garken ba sai Janairun 2006. A cikin 76 da aka kashe, 60 sun kamu. Sake duba adadin: kusan kashi 80 cikin 100, daidai da na Iowa. Da wuya a ga irin wannan yawa a daji. Cunkoso da jira ne suke haifar da shi, kuma kowane wata na jira ƙarin firayon ne a ƙasa, ƙarin dama ce itace ya faɗo wa shinge ko barewar daji ta zo ta haɗa hanci da ta ciki ta ramin waya.

Masu adawa da diyyar ba su rasa hujja ba, kuma rashin adalci ne a wuce ta da sauri. Suna cewa kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Wanda ya shiga sana'ar da ribarta ke cikin yawo da dabbobi tsakanin jihohi ya san haɗarin. In ya ci riba tasa ce, in cuta ta zo sai mai biyan haraji ya ɗauka. Wannan inshora ce wadda ba a biyan kuɗin shigarta, kuma inshorar kyauta takan rage taka-tsantsan. Birtaniya ta ɗanɗana ɗaya gefen a 2001, lokacin ciwon baki da kofato, inda aka kashe dabbobi sama da miliyan shida, diyya ta haura fam biliyan ɗaya. Ana biyan masu ƙiyasi wani kaso na abin da suka ƙiyasta, sai darajar dabbobi ta yi ta hawa yayin da annobar ke tafiya. Rufin dala 3,000 na Amurka maganin irin wannan ne, kuma a kasuwar da ake zuzuta farashi a gwanjo tsakanin mutanen da suka san juna, ban ga laifin sa rufi ba. Inda nake da ja shi ne a ce rufin bai motsa ba tun farkon shekarun 2000, kuma bai bambanta mai kula da mai sakaci yadda ya kamata ba. Kanada ta ɗan matsa a nan: daga 2018 hukumarta ta duba abinci ta taƙaita kashe garke da biyan diyya ga waɗanda suka shiga shirin tantancewa. Matakin yana da nasa aibin, domin garken da bai shiga ba yana iya zama da cutarsa, sai in lardi ya shigo.

Ƙarƙashin duk wannan akwai tambayar da ba a taso da ita a kan saniya ko tunkiya: barewar ta wane ce? A al'adar shari'ar Amurka, naman daji amana ne a hannun jiha don jama'a duka, kuma kuɗin kula da shi yana fitowa ne daga lasisin farauta da harajin bindiga da harsashi da dokar Pittman da Robertson ta 1937 ta tanada. Makiyaya suna cewa dabbar da aka haifa a shinge, aka maƙala mata lamba a kunne, aka shayar da ita da bulumboti, dabbar gida ce. A 2018 Kotun Ƙolin Missouri ta yanke cewa barewar shinge tana nan a matsayin naman daji da hukumar kare daji ke da iko a kai. A 2019 wata kotun ɗaukaka ƙara a Texas ta ce bareyin makiyaya dukiyar jama'a ce, mai lasisi riƙo kawai yake yi. A lokacin, dokar Texas ma ta ɗora kuɗin aikin kashewar a kan mai lasisin. Sai aka wayi gari mutum ɗaya yana iya neman diyya daga tarayya a matsayin mai dabba, alhali jiharsa tana ce masa dabbar ba tasa ba ce. A wasu jihohi ma'aikatar gona ce ke kula da su, a wasu hukumar daji, kuma hukumomin biyu ba abu ɗaya suke karewa ba. Minnesota a 2023 ta ɗauke kulawar daga hukumar lafiyar dabbobi ta miƙa wa hukumar albarkatun ƙasa, ta kuma hana buɗe sababbin gonakin barewa mai farar wutsiya. Hakan ya biyo bayan abin da aka gano a gundumar Beltrami a 2021, inda aka zubar da mushen bareyin gona a filin gwamnati, har sai da jiha ta kewaye wurin da shinge.

Abin da tsarin diyyar ya fi gazawa a kai shi ne ƙasa. Firayon ba ya mutuwa da tafasa, ba ya jin yawancin magungunan kashe ƙwayoyin cuta, yana manne wa yumɓu. Wani bincike da aka wallafa a 2004 a Colorado ya nuna bareyi sun kamu a filin da aka kwashe masu cutar fiye da shekara biyu kafin nan. A kan 'yar'uwar cutar da ke kama tumaki, an samu shaida a Iceland cewa ta yi shekara 16 a wani ɗakin tumaki da aka bari. Bayan kashewa akan kankare saman ƙasa a wuraren cin abinci, a ƙone katako, a jiƙa ƙarfe da siminti da ruwan bilic mai ƙarfi, amma ba wanda ya isa ya wanke eka tamanin. Shekara biyar ɗin nan ta yarjejeniya adadi ne na sulhu, ba na kimiyya ba. Idan ta cika, wa zai ci gaba da gyaran shinge mai tsawon ƙafa takwas a gonar da ba ta kawo ko sisi? Wisconsin ta ga abin da ke tafe, a 2011 ta sayi waccan gona ta Portage a kan dala 465,000 don kawai shingen ya ci gaba da tsayuwa. A Iowa kuwa Kotun Ƙolin jihar ta yanke a 2017 cewa dokar da ake da ita ta ba hukuma ikon killace dabbobi ne, ba fili ba. Wato an biya kuɗin abin da za a iya binnewa cikin kwana uku, an bar abin da zai yi shekaru ba mai shi.

Akwai ƙasashen da suka warware rabin matsalar tun da daɗewa, ko da yake ba a kan barewa suka fara ba. A Jamus kusan kowace jiha tana da asusun annobar dabbobi, masu dabbobi suna zuba kuɗi gwargwadon yawan abin da suke kiwo, gwamnati tana ɗaukar wani kaso na diyyar, kuma wanda bai yi rajista ba ko ya karya ƙa'ida yana iya rasa haƙƙinsa. Ostireliya tun 2002 ta rubuta yarjejeniya tsakanin gwamnati da ƙungiyoyin makiyaya, ta kasa cututtuka gida huɗu: wadda ta fi shafar jama'a gwamnati ke biya duka, wadda ta fi shafar aljihun masu sana'a su ke ɗaukar kashi 80. Amfanin irin wannan tsari shi ne an gama cinikin kafin cuta ta zo. Ranar da sakamako ya fito ba a tambayar ko akwai kuɗi. Kuma idan asusun na makiyaya ne, maƙwabci ba zai kau da kai ba in ya ga ana sauke dabbobi da tsakar dare, domin daga aljihunsa za a biya.

Da za a yi wa barewar Amurka irin wannan, sai a ɗora kuɗin shiga a kan zirga-zirga, tunda nan haɗarin yake: mai nama da ba ya saye daga waje ya biya kaɗan, mai fataucin iri ya biya da yawa. A ajiye wani kaso tun ranar ba da lasisi don shinge da fili bayan an kashe garke. A kuma biya wanda ya kawo rahoto da kansa fiye da wanda aka bi sawun cuta har ƙofarsa. Ƙananan makiyaya za su ce wannan zai kore su daga sana'ar, kuma wasu lalle zai kore su. Ban ɗauki hakan ƙaramin abu ba, amma sana'ar da ba ta iya ɗaukar kuɗin haɗarinta da ma wani ne yake ɗaukar mata. A watan Disamba na 2022 majalisar tarayya ta zartar da dokar bincike da shawo kan cutar, ta ba da izinin kashe dala miliyan 70 a shekara har zuwa 2028, rabi ga bincike, rabi ga ayyukan jihohi da ƙabilun asali. Izini ne kawai, sai an sake ware kuɗin kowace shekara, kuma dokar ba ta kafa asusun da makiyaya za su zuba a ciki ba.